Mai Riƙe da Muciyar Zumunta

Marigayiya Goggo Afiniki, yayar babana, ita ta fara ba ni wannan misali, shekarar da aka sa ni cikin masu girkin zumuntar mata. Ke ma zauna ki ji, Briskila, don na lura ko ranar Lahadi warin hayaƙi kike yi.

Wai an yi wata mata a wani ƙauye, Allah ya ba ta hannun girki. Biki ne, suna ne, babban taro ne, ita ke riƙe da muciya. Ana sujada a ciki, ita tana bayan coci tana fama da ɗanyen itace, sai dai ta jiyo amon waƙa ta katanga. In an ce ta shigo ko wa'azi ta ji, sai ta ce, "Wa zai duba tukunya? Ai aikin nan shi ne addu'ata." A gida ma da safe, kafin gwiwarta ta taɓa ƙasa wani ya yi sallama, ta miƙe. Kowa yabonta yake yi, amma ba wanda ya taɓa karɓar muciyar ya ce mata je ki zauna. Wanda ya ƙoshi ina ruwansa da ko mai dafawa ta ci? Haka shekaru suka yi ta tafiya.

Sai 'yarta tilo ta kwanta ciwo, irin wanda ba a tashi. Uwar ta dama kunun tsamiya ta kawo. Yarinyar ta kau da kai ta ce, "Inna, ba kunu nake so ba. Tsoro nake ji. Yi mini addu'a." Matar ta durƙusa, ta kama hannunta, ta buɗe baki. Ta laluba zuciyarta kamar mai laluben rumbu a tsakiyar damina, ba aya ko ɗaya, ba baitin waƙa. Abin da ya fito shi ne wanda bakinta ya saba: "Ya Uba, ka albarkaci wannan abinci." Ta tsaya, ta sake farawa, shi ɗin dai ya sake fitowa. Kafin a kira fasto yarinya ta cika, da tsoronta. A zaman makoki matan zumunta suka zo, suka yi waƙa, suka ci abin da wasu suka dafa. Suna fita, uwar tana jin su suna cewa tuwon yau duk gudaji.

Ban ce ki bar hidima ba, 'yar nan, mai jin yunwa ba ya ƙoshi da "amin". Amma ni washegarin da Goggo ta gaya mini wannan, ban hura wuta ba sai da na ja ƙofa na durƙusa, na daɗe. Kakanki ya yi ta mita koko ya makara. Na ce masa, "Yi haƙuri, Maigida. Da ruwan ciki ake jan na rijiya."