Jijiyar da ke cikin mabul

Shugabar ɗakin gwajin duwatsu ta ɗora siririn yankan mabul a ƙarƙashin madubin bincike, ta murɗa, sai ta ja tsaki.

Kwana tara ke nan da matakalar mabul ta wani otal ta rabe biyu, ta rufto da mutum uku. Ɗaya bai tashi ba. Birkilan da ya ɗora ta yana tsare, matarsa kuma tun safe take zaune a bencin barandar ɗakin gwajin da goyo, ko ruwa ta ƙi sha. Abin da shugabar ɗakin gwajin ta rubuta yau, shi alƙali zai karanta gobe.

Walƙiya ake ce wa shugabar, tun tana ƙaramar ma'aikaciya mai tashi da samfur arba'in kafin azahar. A wurinsu samfur ba shi da suna, ba shi da gari, lamba ce kawai, don kada mai awo ya san na wa yake aunawa.

Abin da ta gani bai buƙaci dogon nazari ba. Mabul farar ƙasa ce da zafi da nauyin ƙasa suka dafa har ta ƙanƙame. Wannan kuwa ruwan zafi mai ɗauke da narkakken yashi ya ratsa shi tun yana can ƙasa, zafin bai kai yadda ya kamata ba, sai ya bar jijiyar ma'adinin nan mai santsi da ake hodar jarirai da shi. Ka ɗora masa nauyi, ya zame kamar sabulu.

"Birkila ba shi da laifi," ta ce da lauyan birkilan, wanda ke tsaye a kanta. "Wani ya auna dutsen nan kafin a fara sayar da shi, ya ce lafiya lau. Ko makaho ne, ko gaggawa ta ci shi. Shi ya yi kisan nan."

"Za ki maimaita haka a kotu, ranki ya daɗe?"

"Har da sunansa. Jeka ma'adana ka nemo takardar."

Ranta na tafasa ta fita baranda, ta dafa matar. "Sha ruwa, ƙanwata. Wallahi mijinki zai fito, wanda ya yi kuma zai shiga."

Da la'asar lauya ya dawo da fayil mai shekara goma sha ɗaya. Bai miƙa mata ba, ajiyewa ya yi a tebur, ya ƙi haɗa ido da ita. Ta fizge shi ta buɗe. Layi ɗaya ne, an rubuta a gurguje: "Babu aibi."

A ƙarƙashinsa, sa hannunta ne.