Ɗigo a Kan Tsohon Layin Dogo

"Wancan ɗigon tafiya yake yi," ta ce, yatsarta a kan allon kwamfuta.

Shugabanta ya leƙo. "Ke da idonki! Ba rufin kwano ba ne ruwa ya ɗauko?"

"Ranka ya daɗe, ruwa kudu yake gangarawa. Wannan arewa ya nufa."

Tun da Kogin Shire ya yi ambaliya, gajimare ya rufe yankin Nsanje, jiragen ceto suna ta shawagi ba su ganin komai. Radar ɗin tauraron ɗan'adam ce kaɗai ke ratsa gajimaren, tana ware abin da ke motsi daga abin da ke tsaye. Ita ce mai karanta hotunan a ofishinsu na Blantyre. Ba ta gaya wa kowa cewa ƙauyensu na ƙarƙashin ruwan nan ba, kuma wayar mahaifiyarta ta daina shiga.

Mai ya kusa ƙare wa jirgin ceton da ke kusa da ɗigon, amma shugaban ya tura shi can.

Can sai muryar matuƙin ta fito a rediyo, yana dariya. "Taraktar rake ce a kan tsohon layin dogo! Tirela cike da yara da tsofaffi. Wata tsohuwa ke tuƙi, tana ta zaginmu wai mun makara."

"Da jan ɗankwali?" ta tambaya.

"Ƙwarai. Kin san ta?"

Ta miƙe tsaye, ta dubi kowa a ɗakin.

"Babata ce."