Zinariyar Cikin Farin Dutse

Yaya ya maka wani dutse a kan teburina har kofi ya fashe.

"Ina mijinki? Ina macucin?"

"Kar ka kuskura ka zagi mijina a gidana!" na ce. Na san abin da ke cinsa. Tun da awarwaron zinariyar marigayiya Inna ya ɓace, na ce matarsa ce ta ɗauke, bai ƙara taka ƙofata ba. Jarin da ya zuba a kamfanin neman zinariya na mijina ne kaɗai ya rage tsakaninmu.

"Shi ya kawo mini farin dutsen nan, wai jijiyar zinariya ce ta ratsa shi ta nutsa ƙasa. Ya niƙa, aka auna garin, aka ce arziki ya samu. Gonata na sayar!"

"To sai me? Haƙa ai sai da haƙuri."

"Ragowar garin na kai wani ɗakin gwajin. Sun ce zinariyar da ke ciki ba daga ƙasa ta fito ba. Ƙerarriya ce, gauraye da jan ƙarfe. Da magagari aka goge ta, aka barbaɗa a ciki."

"Ƙarya ne! Ina zai samu zinariyar da zai..."

Sai na tuna. Ranar da awarwaron ya ɓace, mijina ne ya fara raɗa mini, "Wa ya shiga ɗakin nan in ba matar yayanki ba?"

Yaya ya buɗe ƙofa.

"Ƙarasa mana," ya ce. "Ga matata nan a mota, tana son ji."