Baƙo a Na'urar Alhaji Harouna

Ranar Talata Yazid ya fara ganin sawun mutumin. Yana ɗakinsa a Belleville, cikin Treichville, kwamfuta bisa cinya, ya leƙa na'urar intanet ta rumbun albasar Alhaji Harouna da ke Adjamé, kamar yadda ya saba kullum bayan shayin safe, sai ya tarar wani ya riga shi shiga.

Shekara huɗu ke nan na'urorin rumbun suna hannunsa. Shi ya ja wayoyin, shi ya kafa kyamarori uku, kuma tun lokacin bai ƙara taka Adjamé ba. Daga Treichville yake komai. In intanet ya tsaya, ya tayar da shi kafin ma'aikata su farga. In gyaran mai tsawo ne, sai ya jira Juma'a a ja ƙofa a tafi masallaci. Ba wanda ya taɓa ce masa sannu, shi ma bai nema ba.

Ya san shiga ba wuya. Alhazan Adjamé, Allah ya bar mu da su, sunan garinsu suke sawa kalmar sirri, su riƙe shi kamar gadon kaka. Ta Alhaji Harouna kuwa "Madawa" ce, ko mai tura baro zai iya cinkarta.

Laraba baƙon ya dawo. Bai taɓa komai ba sai abu guda: ya sauko da sabuwar manhajar na'urar, ya tsara ta hau ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya. Wata shida yana kauce wa manhajar nan, don in ta hau takan share duk tsofaffin masu shiga, sai wanda ya ɗora ta kaɗai. Wato ana so a rufe masa ƙofa.

Ya soke tsarin. Da la'asar aka mayar. Ya sake sokewa, aka sake mayarwa. Ya zargi 'yan damfarar intanet da suka cika gari, ya zargi maƙwabcin rumbun, har direban da ke kawo kaya daga Nijar bai tsira ba.

"Ka kira Alhaji mana," in ji matarsa Iklima, ganin tuwo ya huce a gabansa.

"Ba zai ɗauka ba."

"To hau motar gbaka ka je. Adjamé ɗin Makka ce?"

Ya buɗe kyamara ta uku, wadda ke kallon bencin bakin ƙofa. Alhaji na zaune, ya miƙe ƙafar nan mai kumburi, yana haɗiyar maganinsa da ruwan leda. Yazid ya lura ya rame.

Juma'a da sha biyu da rabi ma'aikata suka fice, amma Alhaji bai tashi ba. Sai ga wata mata ta shigo da jakar kwamfuta, katin wani kamfani rataye a wuyanta. Alhaji ya dogara sanda, ya kai ta har gaban na'urar, ya nuna mata da hannunsa. Ta soka waya kai tsaye. Daga nesa babu abin da Yazid zai iya sokewa kuma.

Kafin ta danna, ta rubuta saƙo inda ta san zai gani: "Ko kai wane ne, mai wurin bai san da kai ba. Ya ce a kore ka."

Alhaji ya ɗaga kai ya kalli kyamara ta uku, fuska a murtuke. Yazid ya matso da allon kusa, ya ƙura masa ido, bai ko ƙifta ba har hoton ya ɗauke.

Da wannan kallon Alhaji ya kore shi daga gida shekara huɗu da suka wuce, ranar da Yazid ya ce ba zai gaji sana'ar albasa ba, kuma tun ranar, ta kyamarar nan kaɗai Yazid ke ganin mahaifinsa.