Idon Jirgin Joynal

Karon farko a goshin jirgi ya same su, ƙum! har tukunyar shinkafarsu ta kife. Joynal ya damƙe sandar tuƙi da hannu biyu, ya waiga. Gaɓar da suka shigo ta gefenta ta zabtare ta toshe rabin bakin hanyar, ruwa kuma yana kwararowa ta sauran rabin da ƙarfin da injinsa ba zai iya hawa ba. Komawa dai babu.

Laifinsa ne, ya sani. Garken kifi ya gani a gilashin na'ura, kwaɗayi ya ja shi cikin wannan sabuwar hanya da kogin Jamuna ya fasa damina biyu da suka wuce. Masunta ba sa shigarta. Ƙasanta cike yake da kututturai da ƙarafa, ruwan kuma ja ne kamar kunu, ko tafin hannunka ka tsoma ba za ka gan shi ba.

Na'urar ita ce abin alfaharinsa. Idonta na ɗaure a jikin wani ƙarfe da ke nutse a goshin jirgi, tana hango abin da ke gaba kafin a kai gare shi. Tun da ya saye ta ya daina sauraron kowa, balle surukinsa Sobhan, tsohon matuƙi da ke zaune a gidansu tun da ya rasa muhalli. Ko da safiyar nan sai da Joynal ya cire doguwar gorar da tsohon ke auna zurfin ruwa da ita ya jefar a gaɓa, yana dariya wai zamanin tsokanar kogi da kara ya wuce. Da suka doshi wannan hanya tsohon ya ce kada a shiga, Joynal ya ƙara wa inji wuta.

Yanzu ga shi ba halin sakin sanda ko na ƙiftawar ido, gilashin kuma yana can gaba.

"Baba, don Allah zauna gaban gilashi! Fari cikas ne, baƙi hanya. Abin da ta nuna za ka faɗa min, ba abin da kake zato ba!"

Sobhan ya rarrafa ya zauna. Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya cire tawul ɗin wuyansa ya lulluɓe kansa da shi har da na'urar, kamar yadda ake yi idan rana ta haske gilashi.

"Ta ce ka yi hagu," in ji shi. "Akwai katanga."

Joynal ya karkata. Wani abu ya goge cikin jirgin, ƙiii, ya wuce.

Ruwan ya ɗauke su kamar ganye. Gaɓa ta dama ta fi su tsayi, sai ɓantarewa take tana faɗawa ruwa, ta hagu kuma tudun yashi ne mai haɗiye ƙafa. Abin da ya yi saura a tsaye a duk faɗin wurin kan wata giginya ne da ruwa ya ci har wuya. Tsohon ya ɗaga gefen tawul ya leƙa ta.

"Baba, gilashi za ka kalla, ba giginya ba!"

"Shi nake kallo. Miƙe. Da mun daidaita da ita ka yi dama, akwai mangwaro uku a jere."

Tsoro bai hana Joynal jin daɗi ba. Kai, na'ura! Har irin itace take bambancewa. Ya yi dama, ya ga ruwa na murɗawa a wuri uku a gefensu, ɗaya bayan ɗaya.

Farfela ta taɓa wani ƙarfe, injin ya yi tari, ya mutu, ya sake kamawa da ƙyar. Joynal ya tuna matarsa Morjina, wadda ta miƙo musu tukunyar nan da safe ta ce ya dawo mata da ubanta lafiya.

"Famfon tuƙa-tuƙa ne, mun wuce shi," in ji tsohon. "Yanzu hanyar za ta matse. Kada ka yi sauri a nan. Rage."

"In na rage ruwa zai juya mu!"

"Na'ura ce ta ce ka rage."

Ya rage. A nan ne ya ji tsohon ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya kuma yi addu'a, muryarsa na rawa. Tsufa ke nan, in ji Joynal a ransa, tsoro ya sa yana gaida ruwa.

"Hagu kaɗan. Miƙe. Shi ke nan, ɗana, buɗe wuta."

Gaɓoɓin suka ja baya, babban kogi ya buɗe a gabansu, shimfiɗe, lafiya lau. Joynal ya kashe inji ya zube yana haki, yana dariya har da hawaye.

"Ka gani ko, Baba? Da gorarka muka dogara da ita, da yanzu kifi na cinmu!"

Ya tako zuwa goshin jirgi don ya ɗago idon na'urar ya sumbace shi. Ƙarfen ya biyo hannunsa ba nauyi. Guntu ne, a karye, waya na reto a bakinsa. Ya fizge tawul ɗin, ya tarar da gilashi baƙi ƙirin.

"Tun karon farko idon ya tafi," in ji Sobhan, yana share fuska. "Da na ce ni ne nake faɗa, ai ba za ka ji ba. Garinmu da kogi ya cinye muka ratsa, ɗana, ta ƙofar gidana muka fito, inda na sa ka rage gudu kuwa, uwar Morjina ce kwance a wurin."