Tsagar Kunne

"Ɓarayi! Ku fito mini da tumakina."

Noelene ta banke ƙyauren gonar da ake riƙon dabbobin da gobarar daji ta tarwatsa. Gobarar nan ta cinye gidanta, ta cinye Merv, mijinta, wanda ya ja babbar mota ya bar ta ita kaɗai. Har yau ba ta yafe masa ba.

Ga tumakin nan kuwa, da tsagar kunne irin ta gidanta.

"Wane shegen ne ya datse mini wayar shinge ya kwaso su?"

Mai gonar ta sunkuyar da kai. "Wani dattijo ne, Mama. Na roƙe shi ya zauna, hanya duk wuta. Ya ƙi. Wai zai koma ya ɗauko matarsa."