Ranar da Inna Ta Kama Sunansa

Tun da aka fito da manhajar da ke amsa kira da muryar mai waya, Tasi'u ya zama mai tallarta. Da kansa ya je Gumel ya saka wa mahaifiyarsa da ƙanwarsa Ladidi, yana cika baki wai an daina barin mai kira yana jira.

Yau da hantsi, yana gyaran kwamfuta a shagonsa, ya kira gida.

"Inna, ina kwana? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Tasi'u."

Ya katse kiran. Shi ne ɗan fari, kuma tun da ta haife shi Inna ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya. Muryar tata ce, har da ɗan tarin nan nata. To tun yaushe yake gaishe da na'ura? Rabonsa da Gumel tun babbar salla.

Nan take ya kira Ladidi, wadda ko faɗa suke yi "Yaya" take ce masa.

"Ladidi, don girman Allah, ina Inna?"

"Lafiyarta ƙalau, Tasi'u," ta amsa cikin fara'a.